Usaini Indabawa Ya Tafi Anacha Neman Mai Goro

Duk wanda ya taɓa sayen nama a layin mahauta na Ogui, a Inugu, ya san teburin Malam Usaini Indabawa ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai ɗan farin gemu, wanda ke yanka tsoka a hankali kamar yana ba ta haƙuri. Matan Ibo da ke saye a wurinsa suna kiransa Papa Raihana, da sunan autarsa, domin tun tana 'yar firamare suke ganinta tsaye a gefensa idan an tashi daga makaranta.

Ya zo Inugu yana saurayi, a bayan tirelar shanu, da niyyar ya yi damina ɗaya ya koma Kano. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Ya fara da wankin kayan ciki a kwata, ya koma tura nama a baro, daga baya ya sami tebur nasa na kansa. Ya je gida ya auro Rakiya, suka haifi 'ya'ya biyar a ɗaki biyu na haya. Mazan sun kama fawa a wasu garuruwan, manyan matan suna ɗakunansu, Raihana kaɗai ta rage a gabansu. Har gobe yana cewa zai tattara ya koma unguwarsu ta Indabawa, amma in aka tambaye shi yaushe, sai ya ce, "Bari mu ga bayan Salla." Wannan ita ce amsarsa ga duk abin da ba ya so kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Ba ya faɗin wace Sallar, ga su kuma har biyu a shekara.

Babu wanda ya taɓa zaton mutum irin wannan zai yi suna a fim, balle a ce sunan nasa na uba mai taurin kai ne.

Abin ya faro ne daga Aslam, wani mai gyaran waya a bakin titin Ogui, haifaffen nan, wanda Ibonsa ya fi Hausarsa gudu. Shi ya tara matasan unguwa suna shirya gajerun wasannin kwaikwayo, su ɗauka da kyamara ɗaya, su sa a intanet. Ranar Lahadi suke aikin, lokacin da kasuwa ke kwance, masu saye duk suna coci. Labaransu kuwa ba sa wuce abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: yaron da aka haifa a kudu ake so a tura shi arewa ya koyo tarbiyya, saurayin da ba ya son gadon sana'ar shanu, budurwar da ake faɗa da ita don Hausarta ta cakuɗe da Turancin Burokin. Mutanenmu na Fegge a Anacha suna kallo, na wajen Kasuwar Oil Mill a Fatakwal suna kallo, har a Kano ana tura wa juna.

Matsalarsu ɗaya ce a lokacin, ba su da uba. Wani yaro ne ake liƙa wa auduga a haɓa ya fito a dattijo, kuma da zarar ya yi gumi sai gemun ya fara sauka a hankali ana tsakiyar faɗa. Wata Lahadi suna ɗauka kusa da layin mahauta, Malam Usaini ya zo wasa wuƙaƙensa, ya tsaya yana kallon mai gemun auduga yana ihu yana buga ƙafa. Da aka tsaya, ya matso ya yi musu sannu da aiki, sannan ya ce, ba don ya raina ƙoƙarinsu ba, amma shi bai taɓa ganin uban da ke hana abu da ihu ba. Uban da ya yi niyyar hanawa, in ji shi, zama yake yi ya gyara hula ya tambayi lafiyar kowa. Aslam ya ce to Baba ya zauna ya nuna musu. Ya zauna ɗin, kuma tun daga ranar aka daina sayen auduga.

Yadda suke aiki babu rubutu. Aslam zai faɗi yadda lamarin yake, wane ya so kaza, ubansa ya ƙi, sai kowa ya yi magana da bakinsa. Kowa kuma ya san labaran daga gidajen unguwa ake kwaso su, a sauya suna da sana'a. Saboda haka Malam Usaini ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, ba zai fito a uban kowa ba sai ya je ya zauna da ainihin uban ya ji ta bakinsa, domin ba zai yarda a mai da dattijo abin dariya alhali ba a san dalilinsa ba. Na biyu, ƙarshen wasa a bakinsa yake. In ya ga uba ke da gaskiya, uba ba zai sauko ba, ko da darakta zai yi kuka.

An gwada shi an gani. Akwai wasan da suka yi kan yaron da ke so ya bar makaranta ya kama okada, wato acaɓa, inda uban ya ƙi daga farko har ƙarshe, matasa suka yi mako suna gaishe shi sama-sama. Akwai kuma wanda uban ya sauko tun kafin a kai rabi, har Aslam ya rasa abin da zai cika sauran lokacin da shi. Dattawan masallaci da farko sun yi ta taɓe baki, wai mutum da furfurarsa ya shiga wasan yara. Amma da suka ga a karon farko an sami mai faɗa wa 'ya'yansu abin da su ba sa iya faɗa, sai salo ya sauya. Za ka ga dattijo ya zo sayen hanta 'yar kaɗan, ya daɗe a tsaye yana bayanin dalilin da ya sa ya hana ɗansa tafiya Abuja, ba tare da an tambaye shi ba.

Abin da masu kallo suka fi so a wasansa shi ne shirunsa. Yaro zai gama zuba roƙo, sai Malam Usaini ya yi tsit, ya ɗaga ido ya dubi wajen kyamara, ya ɗan jima, sannan ya ba da amsa. Mutane suna rubutawa a ƙasan fim cewa wannan shirun na babansu ne sak. Raihana kuwa ba ta taɓa fitowa a wasa ba, amma duk ranar ɗauka tana nan tsaye dab da kyamara, riƙe da gorar ruwan babanta.

To, a daminar bara Raihana ta sami gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya a Fatakwal. An ce ta bayyana kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbin. Wurin zama ba abin damuwa ba ne, domin ƙanwar Rakiya, Baiwa, tana aure kusa da Kasuwar Oil Mill, ta ma riga ta share ɗaki. Duk unguwa aka yi murna, aka zo ana yi wa Malam Usaini barka, yana amsawa da fara'a. Da aka zo maganar tafiya, sai ya gyara hula ya tambayi lafiyar kowa. Ya ce Fatakwal akwai nisa. Ya ce garin ruwa ya yi masa yawa. Sannan ya ce a bari a ga bayan Salla, alhali Sallar da ta fi kusa tana can gaba da watanni.

Rakiya ta yi magana har ta gaji. 'Ya'yansa maza suka bugo waya, ya saurare su da "to, to" har katinsu ya ƙare. Raihana kuwa, da yake halin uban ta ɗauko, sai dai ta rage cin abinci. Da wata ya raba tsakiya, Rakiya ta yafa mayafi ta ɗauki wayarta, wadda lafiyarta ƙalau, ta kai wa Aslam gyara. Ta daɗe a rumfar.

Kwana biyu bayan haka Aslam ya zo teburin nama da sabon labari. Ya yi iya ƙoƙarinsa wajen ɓad da sawu: ya mai da 'yar ta zama ɗa, ya mai da mahauci mai sayar da goro, ya ɗauke gidan daga Ogui ya dasa shi a Fegge. Yaron, in ji shi, ya sami makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Legas, lokaci na ƙurewa, uban kuwa ya ce Legas akwai nisa, ya ce ruwa ya yi mata yawa, ya ce a bari sai bayan Salla. Aslam ya faɗi na ƙarshen yana kallon ƙasa. Malam Usaini ya ajiye wuƙa, ya girgiza kai, ya ce wasu iyayen dai sai addu'a, wace Sallar kuma, makaranta za ta tsaya jiransa ne? Amma ya ce sharaɗi sharaɗi ne, sai ya ga mai goron.

Aslam ya ce ai Anacha da ɗan tafiya, kuma mutumin ba ya son a san shi. Malam Usaini ya ce duk uban da ya je wurinsa haka yake cewa da farko. Washegari da sassafe, ranar kasuwa sosai, ya bar teburinsa a rufe, ya sa babbar rigarsa ta zuwa suna, ya hau bas ɗin Anacha. Da labari ya iske Rakiya, sai ta nemi kujera ta zauna. Aslam kuwa ya wuni yana kwance wayoyin mutane yana mantawa da yadda ake mayarwa.

A Fegge ya sauka wurin tsohon abokinsa Alhaji Muhyiddeen, dillalin shanu, wanda tirela ɗaya ta kawo su kudu suna samari. Bayan doguwar gaisuwa, Alhaji ya ce babu mai goron da bai sani ba a Fegge, suka tashi suka bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin cunkoso da taɓo. Na farko 'ya'yansa duk mata ne. Na biyu babban ɗansa bai gama firamare ba. Na uku ko aure bai yi ba, ya kuma ji haushin tambayar. Kowanne sai da suka sayi goro a wurinsa don kunya, har aljihun babbar riga ya yi nauyi.

Bayan azahar suka zauna a rumfar Alhaji aka kawo musu abinci. Alhaji ya ce a sake faɗa masa abin da uban nan ya ce, a hankali. Malam Usaini ya zayyana, nisa, ruwa, bayan Salla. Alhaji ya tauna lomarsa ya haɗiye, ya sha ruwa, sannan ya matso kusa.

"Usaini, yaushe ka ce za ka kawo mini iyali su ga sabon gidana?"

"Ai na ce maka bari mu ga…" Bai ƙarasa ba.

"Ƙarasa mana. Tun gidan yana sabo kake faɗa, yanzu har rufin ya fara yoyo." Alhaji ya ci gaba da cin abincinsa. "Ni dai a duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani mai wannan magana, kuma ba goro yake sayarwa ba. Na kuma ji an ce 'yarsa ta ci jarrabawa."

Alhaji ya ba da labari daga baya cewa abokin nasa bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya dai zauna yana juya goro ɗaya a hannu har aka kira la'asar, suka yi salla, ya raka shi tasha.

Da ya dawo gida, Rakiya ta tare shi da sannu da hanya, ta tambaya cikin dabara ko an dace da mai goron. Ya ce an dace, sun ma daɗe suna hira a mota. Ya juye mata goro a faranti. Ya aika wa Aslam cewa Lahadi yana nan zuwa. Daga Lahadin nan zuwa ƙarshen wata, abin da ya rage bai kai mako ba.

A tsakar gidan su Aslam aka shirya ɗaukar, bayan an jira cocin da ke maƙwabtaka ta gama waƙoƙinta. Ba a taɓa samun 'yan kallo irin na ranar ba, domin in ka cire jarirai babu wanda bai san ko wane ne mai goro ba. Mata suka cika ƙofar kicin, dattawa biyu suka zo wai wucewa suke yi. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye faifan goro. Musaddiq, saurayin da zai fito a ɗan, ya durƙusa a gefe. Babu wanda ya san inda wasan zai ƙare, har shi daraktan.

Kafin a fara, Malam Usaini ya dubi wajen kyamara ya ce wa Raihana ta bar nan ta koma bayansa. Ta tsaya tana kallonsa. Ya sake faɗa, a hankali. Ta zagaya ta tsaya a jikin bango, inda ba ya ganinta.

Aka kunna kyamara. Musaddiq ya sunkuyar da kai ya fara roƙo, ya kuwa yi kyau: ya kawo maganar wahalar da ya sha kafin ya ci jarrabawa, ya yi alkawarin riƙe salla da mutuncin gida, ya ce in lokaci ya wuce shi ke nan. Ya gama. Malam Usaini ya yi shirun nan nasa, ya ɗaga ido ya dubi inda Raihana ta saba tsayawa, ba kowa a wurin sai bango.

"Ban ji ko kalma ɗaya ba," in ji shi.

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka taurin kan mai goro ne. Ya ɗaga hannu.

"Ba wasa nake ba, ban ji ba. Tun bara waccan kunnen hagu ya rufe, na dama yana bin bayansa. In mutum ya sunkuyar da kai yana magana, bakinsa kawai nake nema. Yaron nan shi ke ji mini. A kasuwa yana tsaye gefena, mai saye ta yi magana, ya maimaita mini kamar da kansa yake. A asibiti shi ke jin likita. In ana magana a taro, bakinsa nake kallo, yana motsa mini shi ba sauti. Bai taɓa gaya wa kowa ba." Ya gyara goron da ke kan faifai, wanda ba ya bukatar gyara. "Legas ba ta da wani nisa. Ruwa kuwa, a nan ma mun sha shi. Tsoro nake ji in tsaya a garin mutane ina murmushi, ana yi mini magana ban san ta alheri ce ko zagi ba. Wannan shi ne dalilin mai goro. Na je na ji daga bakinsa."

Musaddiq ya manta cewa shi ɗa ne, ya buɗe baki yana kallo. Aslam, wanda ya hana kowa ko tari in ana ɗauka, shi ne ya leƙo daga bayan kyamara, ya ɗaga murya yadda za a ji shi, ya ce, "To Baba, uban yana da gaskiya ke nan?"

"Dalili gare shi," in ji Malam Usaini. "Gaskiya ta yaron ce. Ba a haifi ɗa don ya zama kunnen wani ba." Sannan ya juya kansa baya. "Raihana, zo gabana inda zan gan ki."

Ta zo ta durƙusa kusa da Musaddiq, wanda ya ja jiki ya ba ta wuri.

"Ki je ki haɗa kayanki. Jibi ni zan kai ki da kaina."

Ta kama hannunsa ta riƙe tana kuka. Daga ƙofar kicin wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Aslam ya tuna bai kashe kyamara ba.

Rakiya ta ce daga baya ita ai ta daɗe da sani, me ake ɓoye wa matar da ake kwana ɗaki ɗaya da ita. Ta ce shiru ta yi don kar ya ji kunya, kuma don ta gano cewa in ta zauna ta hagunsa tana iya faɗin duk abin da ke ranta a zauna lafiya. Abin da ba ta sani ba shi ne cewa nan ne maganar Fatakwal ta maƙale.

Aslam ya so ya yanke ƙarshen fim ɗin don sirrin gida. Malam Usaini ya ce a bar shi yadda yake, tunda ya tona na iyayen mutane da yawa, ba zai rufe nasa ba. Fim ɗin ya zaga Fegge, ya zaga Oil Mill, ya isa Kano. Sakamakon farko shi ne duk layin mahauta ya koma yi masa magana da ihu, har da waɗanda ke tsaye ta damansa. Matan da ke sayen nama suka koyi tsayawa a gabansa sosai, su buɗe baki da kyau, su nuna yankan da suke so da yatsa. 'Ya'yansa maza suka zo suka kai shi wurin likitan kunne, aka sa masa 'yar na'ura, wadda yake ɓoyewa a ƙarƙashin hula. Sai kuma ga dattawa suna zuwa a ɗaiɗaice, wannan ya ce idonsa ne ya fara hazo, wancan ya ce shi ma dalilin da ya ba ɗansa ba shi ne ainihin dalilin ba.

Ya kai ta Fatakwal kamar yadda ya ce, ya damƙa ta hannun Baiwa, ya duba ƙofar ɗakin da tagarsa, ya yi wa mijin Baiwa nasihar da ba a nema ba, ya juyo.

Da hutun farko ya zo, Raihana ta dawo da farar rigar aikin jinya a ninke cikin jaka da abin awon jini nata na koyo. Ba ta huta ba uban ya ce ta sa rigar ta biyo shi kwata. Ya aro benci, ya share shi da gefen rigarsa, ya zaunar da ita a inuwa, sannan ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya ajiye wuƙa ya wanke hannu. Ya jera su bisa shekaru, manya a gaba. Wani ya ce shi lafiyarsa ƙalau, Malam Usaini ya ce ba a tambaye shi ba. Ya tsaya a gefen bencin, hannu a baya, duk wanda aka ɗaura wa abin awon a damtse sai ya sunkuyo ya dubi lambobin da bai san ma'anarsu ba, ya gyaɗa kai, ya ce na gaba ya matso.